Shin da gaske an kaɗa ƙararrawar Filadalfiya ranar samun 'yancin Amurka?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne an kaɗa ƙararrawar nan mai tsagu ranar 4 ga Yuli, 1776. A'a, ba a kaɗa ta ranar ba. Sai 8 ga wata aka karanta wa jama'a takardar 'yancin, aka kaɗa ƙararrawoyin gari. Labarin ranar 4 ɗin wani marubuci ne ya tsara shi a 1847, ya bi gari.

Asalinta ma ba don 'yanci aka yi ta ba. Majalisar Fensilbaniya, yankin da birnin Filadalfiya yake, ce ta yi odarta daga Landan a 1751, don kiran 'yan majalisa zama. Wato a ƙasar masu mulkin mallakar aka ƙera ta! Gwajin farko ta tsage, sai wasu maƙera biyu, Pass da Stow, suka narkar da ita har sau biyu a 1753. Sunayensu na jikinta har yau. Masu yaƙi da cinikin bayi ne suka laƙaba mata suna Ƙararrawar 'Yanci wajen 1830 da 'yan kai. Rabon da a kaɗa ta tun Fabrairun 1846, lokacin da wani sabon tsagun da ta yi daga baya ya yi tsanani.

Ni dai ta Meziko ta fi cancantar sunan. Da ita limamin coci Hidalgo ya tara mutanen Dolores a 1810 suka yi wa Sifaniya bore. Yanzu tana fadar gwamnati, kuma shugaban ƙasa ne da hannunsa yake kaɗa ta daren 15 ga Satumba kowace shekara.