Tsoffin waƙoƙin ƙauyen Ingila da jita mai lantarki

Malam, ka tambaya ko haɗa waƙoƙin gargajiyar Ingila da kiɗan rok mai juya kai sabon salo ne. A'a, farfaɗowa ya yi. Tun 1903 Cecil Sharp, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya fara bin tsofaffi a yankin Somerset na Ingila yana rubuta waƙoƙinsu. A 1969 'yan ƙungiyar kiɗa ta Fairport Convention suka sa wa irinsu ganga da jita mai lantarki a faifan Liege & Lief, Sandy Denny na rerawa, Dave Swarbrick na jan gogen Turawa. 'Yan baya irin su 'yan ƙungiyar Wolf People, masu faifan Fain na 2013, sun ƙara wa jitar kaushi da amsa-kuwwa. A ganina wani lokaci sukan wuce gona da iri, ƙarar jita ta danne murya har mai sauraro ya rasa zaren labarin.