Wace Linux ce ta dace da kwamfutar gida?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, wasiƙun da ke zuwa mini kusan duk magana ɗaya suke yi: komawa Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Na zaɓi biyar, ga su nan, kowacce da amsata a ƙasanta.

Ni malamar makaranta ce a Katsina. Kwamfutata ta hannu ce, RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) 4GB, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. An ce in koma Linux, amma na tarar sunaye sun fi ashirin. Wacce zan ɗauka?

Malama, ɗauki Linux Mint, samfurinta mara nauyi da ake kira Xfce. Yawan sunayen kada ya ruɗe ki. Gero ɗaya ne, wani ya dama fura, wani ya yi kunu, wani ya tuƙa tuwo. Zuciyar manhajar, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, ita ce a cikin dukkansu. Kowace ƙungiya ce ke ɗora mata fuska da kayan aiki yadda ta ga dama. An gina Mint a kan Ubuntu, ita kuma Ubuntu a kan Debian, don haka duk matsalar da za ki ci karo da ita, wani ya riga ki kuma ya rubuta maganinta. Fuskarta ta yi kama da Windows da kika saba, tana tashi ko da RAM 2GB, kuma Mint 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. LibreOffice, madadin Microsoft Office, na ciki, zai buɗe miki takardun jarrabawa da na sakamakon ɗalibai. Ki sa Mint ɗin a filash da manhajar Rufus, ki tayar da kwamfutar daga filash ɗin, ki yini kina gwadawa kafin ki goge komai. Takardunki kuwa ki kwafe su wani wuri tun yau.

Ina aji biyu a jami'a, ina son in zama gwanin kutse. Na goge Windows daga kwamfutar gidanmu na sa Kali Linux. Yanzu firinta ba ta aiki, sabuntawa ta tsaya a tsakiya, babana kuma yana neman takardun shagonsa. Me zan yi?

Ɗana, kai ne na shida da ya aiko mini irin wannan a watan nan, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ga hoton dodo, tambarin Kali, a baƙin allo a wani bidiyo, shi ke nan ka ɗauka da zarar ka sa shi ka zama gwani. Sayen wuƙar fawa bai taɓa mayar da kowa mahauci ba.

Kali akwatin kayan aiki ce da kamfanin OffSec ya fitar a 2013 don ma'aikatan da ake biya su gwada ƙarfin tsaron bankuna da kamfanoni, da izini a rubuce. Masu ita da kansu sun rubuta a shafinsu cewa ba su ba da shawarar ta ga wanda bai san Linux ba, ko mai neman kwamfutar aikin yau da kullum. Ka karanta? Na san ba ka karanta ba. Da gangan suka rufe wasu hanyoyin sadarwa a cikinta, shi ya sa firintar gidanku ta yi shiru. Kuma ba irin Mint ba ce da ake daidaita ta a bar ta shekara biyar. Kullum cikin canji take, kowane mako da sababbin kaya masu nauyi da za ka sauke. Ka lissafa wannan da kuɗin data, sannan ka lissafa abin da zai faru idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa a kwamfutar da batirinta ya mutu. Ai ka riga ka gani da idonka.

Abin da ya fi damuna shi ne takardun mahaifinka. Kwamfutar gida amana ce. Akwai lissafin bashin shago a ciki, akwai hotunan suna da na biki, wataƙila akwai aikin makarantar ƙannenka. Ka kashe ta yanzu, kada ka sake rubuta komai a kanta, domin duk abin da ka sauke yana hawa ne kan ragowar abin da ka goge. Ka tayar da ita daga filash, ka gwada PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, ka ajiye abin da ya dawo a wani faifai dabam. Wasu za su dawo ba sunaye, wasu sun tafi ke nan. Ka je ka faɗa wa Baba gaskiya kafin ya ji daga bakin mai gyara.

Ban ce ka bar burinka ba. Ƙasar nan tana bukatar masana tsaron kwamfuta, kuma ina so ka zama ɗaya daga cikinsu. Amma da rarrafe yaro kan tashi. Ka sa Mint ko Debian, ka yi wata shida kana koyon rubuta umarni, da izinin fayiloli, da yadda kwamfutoci ke magana da juna. Wasan Bandit na shafin OverTheWire kyauta ne, kuma daga tushe yake farawa. Idan lokacin Kali ya yi, ka sa ta cikin VirtualBox, manhajar da ke yi maka kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, inda in ta lalace za ka goge ta ba wanda ya yi asara. Sannan ka sani, shiga waya ko intanet ɗin maƙwabci ba izini laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, ko da wasa kake yi.

Ni da abokina muna gardama: Ubuntu ko Fedora?

Kun samu lokaci. Fedora na fitar da sabon samfuri duk wata shida, kowanne kuma wajen wata 13 ake tallafa masa da gyaran tsaro, ke nan kusan duk shekara sai ka yi babbar ƙaura. Ubuntu mai alamar LTS, wato mai dogon tallafi, irin 24.04, shekara biyar ce. Mai sabuwar kwamfuta da intanet marar iyaka ya ɗauki Fedora. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya ɗauki LTS, ya kuma tuna fayil ɗin Ubuntu ya kai wajen 6GB, na Mint bai wuce rabin haka ba.

Ina da shagon buga katin biki da kalanda a Gusau. Zan iya komawa Linux?

Alhaji, kar ka taɓa kwamfutar da kake cin abinci da ita. CorelDRAW da Photoshop ba su da samfurin Linux. Inkscape da GIMP, madadinsu a Linux, suna da kyau, amma abokan cinikinka fayilolin Corel za su kawo maka, kuma ba kullum suke buɗewa daidai ba. Ta gida wadda yara ke kallo da karatu, ita za ka sa wa Mint.

Na sa Mint kamar yadda kake yawan faɗa, amma Wi-Fi ya ɓace, kuma ban san yadda zan rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba.

Da ka gwada daga filash kamar yadda nake ta nanatawa, da ka gano wannan tun kafin ka sa ta. Galibi katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom ne, tsofaffin HP da Dell da yawa shi ne a cikinsu. Haɗa wayarka da kebul, ka ba kwamfutar intanet ta nan, ka buɗe Driver Manager ka zaɓi abin da ya nuna maka. Haruffa kuwa, shiga saitin allon rubutu ka ƙara tsarin Hausa na Najeriya. Yana ciki tun asali, har da na Ghana. Kafin ka rufe, ka kunna manhajar Timeshift ka sa shi ya riƙa ajiye kwafin tsarin kwamfutar sau ɗaya a mako. Ranar da wuta ta katse maka sabuntawa, da shi za ka mayar da kwamfutar yadda take a makon jiya.