Tambaya da Amsa: Wace sifikar tsakiya mai ƙubba ce ta fi dacewa da situdiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da ƙaramin situdiyo a Gusau inda nake ɗaukar mawaƙa da masu wa'azi, kuma na tara kuɗi ina son sayen sifikun sauraro na gani na faɗa. An yi mini tayin tsohuwar Yamaha NS-1000M 'yar kwatano, wani abokina kuma ya ce in ƙara kuɗi in nemi ATC ko Neumann. Dukansu an ce suna da sifikar tsakiya mai ƙubba. Mene ne bambancinsu, kuma wacce ka ga ta fi dacewa da ni? Daga mai karatunku a Gusau, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. A cikin akwatin sifika mai hawa uku, babbar ta ƙasa tana fitar da bes, ƙaramar ta sama wadda ake kira tuwita tana fitar da siririn sauti, ta tsakiya kuwa ita ce ke ɗauke da mafi yawan muryar ɗan Adam da amon kalangu da kukuma. Yawancin sifikun tsakiya suna da siffar mazurari, ƙaramin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa sifika idan lantarki ya bi ta cikinta, yana tura su daga cibiya. Mai ƙubba kuwa a kife take kamar ƙwarya, kuma koyil ɗinta yana zagaye da bakinta gaba ɗaya, wato idan faɗin ƙubbar milimita 75 ne, to koyil ɗin ma milimita 75 ne. Babban koyil yana jure zafi, saboda haka sautin ba ya dushewa idan an daɗe ana aiki da ƙarfi, sannan ƙubbar tana watsa sauti ko'ina a ɗakin, ta yadda mawaƙin da ke zaune a gefe zai ji kusan abin da kai kake ji. Kamfanin Acoustic Research na Amurka ne ya fara shahara da wannan tsari a sifikarsa AR-3 a 1958.

Raunin ƙubba shi ne ƙanƙanta, kuma a nan ne nake son ka fi mayar da hankali. Fuskar ƙubba mai milimita 75 ba ta wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na fuskar mazurari mai milimita 165 ba, alhali duk lokacin da sauti ya sauka zuwa rabin mitarsa (wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da Hz), dole ne sifika ta ninka motsinta sau huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Don haka tambayar da ta kamata ka yi wa kowane mai sayarwa ita ce: daga wace mita ƙubbar take karɓar aiki, kuma a wace mita take miƙa shi? Ƙananan ƙubbobi masu milimita 50 zuwa 54 galibi ba a sakar musu aiki sai daga wajen Hz 800 zuwa sama, wanda ke nufin an raba muryar mutum gida biyu tsakanin sifiku biyu masu halaye daban-daban, kuma kunne yakan gane wurin ɗinkin idan ba gwani ne ya haɗa su ba.

Kamfanin ATC, wanda Billy Woodman ya kafa a Ingila a 1974, ya yi suna ne da ƙubbarsa mai laushi ta SM75-150, wadda aka yi da yadi aka shafe shi da wani ruwa mai danƙo. An ba ta maganaɗisu mai nauyi ƙwarai da maɗauri biyu don kada koyil ɗin ya karkace yana motsi, shi ya sa a sifikunsu masu hawa uku take aiki tun daga Hz 380 har zuwa Hz 3,500. Wannan tazara ta kwashe kusan duk wurin da ake gane harafi daga harafi, kuma ga wanda abincinsa ke fitowa daga murya, babu abin da ya fi wannan daraja. Neumann KH 310 ta Jamus ita ma tana da ƙubba mai milimita 75, amma an taƙaita mata aiki tsakanin Hz 650 da Hz 2,000, ta bar sauran ga maƙwabtanta. Ba aibi ba ne, domin an daidaita su da kyau, kuma farashinta ya fi sauƙi.

Yamaha NS-1000M, wadda ta fito a 1974, ta bi wata hanya dabam. Ƙubbarta mai milimita 88 an yi ta ne da ƙarfen beriliyom, mai tauri kuma marar nauyi, tana aiki daga Hz 500 zuwa Hz 6,000, kuma har yau masana suna yaba yadda take bayyana kowane ɗan ƙaramin motsi a cikin sauti. Ina ganin girmanta matuƙa, amma ba zan ba ka shawarar ɗora sana'arka a kanta ba. Wadda aka yi maka tayi ta kwana biyu a duniya, an daina ƙera ƙubbarta, kuma idan ta tsage babu mai gyaran da zai iya liƙe ta, ga shi garin beriliyom guba ne ga huhu idan aka shaƙe shi. Idan duk da haka ranka ya biya, ka kunna muryar mai wa'azi ita kaɗai ba tare da kiɗa ba, ka kara kunne a kowace ƙubba, ka juya maɓallan da ke fuskar akwatin ka ji ko sauti yana yankewa ko yana ƙarce, domin waɗannan maɓallai sukan yi datti a tsofaffin sifiku.

Ra'ayina shi ne, idan aljihu zai ɗauka ka nemi ATC, idan kuwa ɗakin ƙarami ne kuma kusa da sifikun kake zama, Neumann za ta wadatar da kai, ragowar kuɗin ka kashe su wajen rufe bangon ɗakin da abin da zai sha amsa-kuwwa. Sai dai ka sani cewa ƙubba mai laushi tana da danƙo, kuma ƙurar hunturu irin ta Gusau tana manne mata, saboda haka ka riƙa lulluɓe sifikun da zane bayan an tashi aiki, kada ka goge ƙubbar da tsumma, kada kuma ka bari yara su danna ta da yatsa. Neumann KH 310 da yawancin ATC ɗin situdiyo suna da amfilifaya a cikinsu, don haka ka saya musu sitabilaiza mai kyau tun kafin su iso, kuma ka kashe su kafin a sauya wuta daga layi zuwa janareta.