Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tayil Ke Ɓanɓarewa a Gefen Murhu?

Tambaya: Na sa an liƙa tayil a bangon da ke bayan murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki, amma ba a jima ba wasu suka tsage, wasu kuma suka faɗo. Magini ya yi aikin ne da gam ɗin da ake sayarwa a kwaɓe cikin bokiti. Wane irin gam ya dace, kuma zai iya riƙe dutse?

Amsa: Malam, gam ɗin bokiti yawanci da sinadaran roba ake haɗa shi, zafi kuma yana sa shi laushi, saboda haka tun farko bai dace da wurin ba. Sai dai kafin ka sayi wani, ka fara tantance yawan zafin da ke isa inda za a liƙa, domin bangon da ke gefen murhu daban yake da cikin murhu inda wuta ke lasa.

Idan bangon ɗumi kawai yake ɗauka, gam na garin siminti ya wadatar, muddin akwai alamar C2 S1 ta ƙa'idar Turai mai lamba EN 12004 a jikin buhun. C2 na nufin gam na siminti mai ƙarin ƙarfin riƙo, S1 kuma na nufin gam ɗin yana ɗan miƙewa bayan ya bushe, kuma a ganina wannan ne abin da aka fi yi wa sakaci. Tayil da bango da ƙarfe duk suna buɗewa idan sun ji zafi, su tsuke idan sun huce, amma ba daidai da juna ba, kuma wannan ja-in-ja na kullum shi ke tsaga tayil ko da gam ɗin bai ƙone ba. Don haka a bar tazara tsakanin tayil da jikin ƙarfen, a cike ta da silikon mai jure zafi, wanda yawanci yake kai digiri 300 a ma'aunin Salshiyas.

Cikin murhu kuwa, siminti na yau da kullum yana rasa ƙarfinsa sosai idan zafi ya doshi digiri 500. A nan sai simintin wuta, wanda ake haɗawa da kalsiyam aluminet ko sodiyam siliket, mai jure digiri 1000 ko fiye. Na siliket ruwa yana lalata shi kafin wuta ta gasa shi, saboda haka bai dace da wurin da ake ruwan sama ba.

Kada a liƙa tayil a kan allon jipsum, wato farin allon da ake yin silin ko raba ɗaki da shi, domin zafi mai ɗorewa yana mayar da shi gari. Allon siminti ko jan bulo ya fi. A shafa gam a bango da cokalin magini mai haƙora, a kuma shafa a bayan tayil ɗin, ba a ɗiga shi ɗigo-ɗigo ba, saboda ramukan da aka bari su ne wuraren da tayil ke fara tsagewa. Dutse ma haka, sai dai mai haske irin mabul a yi masa da farin gam don kada ya yi tabo, mai nauyi kuma a tallafe shi da maƙalan ƙarfe.

Bayan an gama, a jira kwanakin da masu gam ɗin suka rubuta, sannan a fara da ƙaramar wuta, domin danshin da ya saura ya fita a hankali. Ka kuma sani cewa gam ba ya tare zafi. Idan akwai katako a bayan bangon, wajibi ne a kiyaye tazarar da masu ƙera murhun suka ƙayyade, don gudun gobara.