Tambaya da Amsa: Samurai da Baraden Turai

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dai ina ganin samurai na Japan da baraden Turai masu sulke duk abu ɗaya ne, kaya ne kawai suka bambanta, ko ba haka ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, kamanceceniya akwai ta, don duka biyun mayaƙa ne da ke wa ubangida hidima, manoma kuma su ke ɗauke da nauyin kowa. Amma fa akwai bambanci sosai. A Ingila bayan William, mai mulkin Normandy da ke Faransa, ya ci ƙasar a 1066 filaye ya rarraba wa manyansa, barde ya riƙe fili shi kuma ya fita yaƙi, yawanci kwana 40 a shekara, abu ne na ba ni gishiri in ba ka manda, shi ya sa a 1215 manyan suka iya tsare Sarki John ya amince da Magna Carta, wato yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki.

Japan kuwa bayan da Yoritomo ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja, a 1192, a lokacin sarki na nan a Kyoto ana girmama shi amma iko na hannun soja. Zamanin mulkin gidan Tokugawa ma, daga 1603, yawancin samurai ba su da gona, a garin ubangida suke zaune ana biyansu da shinkafa, da ma'aunin koku, kusan lita 180, kuma sai ubangidan da ƙasarsa ke ba da aƙalla koku 10,000 ake kira daimyo, wato babban ubangida.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wajen shan kashi. Barden Turai in an kama shi danginsa su tara kuɗin fansa ya dawo gida abinsa, samurai kuwa kamun abin kunya ne, wani gara ya farke cikinsa da kansa.