Bulokcen zai iya tsare takardun da na ajiye a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Garwa, mu uku muka haɗa jari muna lodi zuwa Duwala. Rasidai da takardun bashi muna ɗaukar hotonsu mu zuba a Google Drive, kowannenmu yana da mabuɗin shiga. Ɗana ya ce da bulokcen ba mai iya taɓa su. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron ya kusa, amma da sauran gyara. Bulokcen ba ya hana a taɓa takarda. Aikinsa shi ne ya tona asiri idan an taɓa ta.

Ma'ajiya irin Google Drive, wadda ake kira gajimare, kwamfutocin wani kamfani ne a wata ƙasa. Duk mai mabuɗi zai iya sauke rasidi, ya mai da sefa 300,000 ta koma 800,000, ya sake ɗorawa da sunanta na da. Ranar rabon riba, wa zai rantse wacce ce ta asali?

Nan ne dangwalen yatsa ke shigowa, wato hash. Akwai wani lissafi mai suna SHA-256, wanda hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar a 2001. Kowane fayil aka ba shi, zai fitar da jerin haruffa da lambobi 64. Fayil ɗaya, dangwale ɗaya, ko sau dubu aka maimaita. Amma a sauya ɗigo guda, jerin gaba ɗaya ya birkice. Kuma daga dangwalen ba a iya komawa a karanta takardar, don haka sirrin cinikinku bai fita ba.

Saura inda za a ajiye dangwalen. In kuka bar shi cikin Drive ɗin, an ba kura ajiyar nama, mai sauya rasidi zai sauya shi ma. Shi ya sa ake rubuta shi a bulokcen, littafin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi ɗaure da dangwalen wanda ya gabace shi. A na Bitcoin, wato kuɗin intanet da ake kira kirifto, kusan duk minti 10 ake ƙara shafi. Dabarar ma ta girmi Bitcoin: wasu masu bincike, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka bayyana ta a 1991, daga baya kamfaninsu ya riƙa buga dangwale a jaridar New York Times duk mako, don ba mai iya bin gida gida ya gyara jaridar da aka riga aka sayar.

Ba sai kun sayi kuɗin kirifto ba. Shafin OpenTimestamps yana yin wannan kyauta: yana tara dangwale masu yawa ya dunƙule su wuri ɗaya, ya rubuta a bulokcen na Bitcoin, ya ba ku ɗan ƙaramin fayil na shaida. Kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda ya ce sai kun zuba jari a wani sulallan kirifto kafin a tsare takardunku, ku kama aljihunku.

Ku kula da abu ɗaya da ke rikita mutane: hoton da aka tura ta WhatsApp ana matse shi, dangwalensa ya sauya ko da ba wanda ya yi ha'inci. Ku mai da rasidan mako PDF guda, ku ukun ku duba, sannan a ɗauki dangwale, kar a sake buɗe shi don gyara. Dubawar nan wajibi ce, domin in ƙarya aka rubuta tun farko, bulokcen ƙaryar zai yi wa shaida.

In kuma aka goge fayil ɗin, dangwale ba ya dawo da shi. Ku sayi filas, a kwafe komai duk Juma'a, ya kwana a gida, ba a shago ba.