Jawabi kan galahanga (autism) a taron iyayen yara

Tambaya: An ba ni minti 10 in yi magana kan galahanga a taron iyayen yara na Islamiyyarmu a Gwale. Ta ina zan fara? Daga wata malama.

Amsa: Malama, fara da abin da iyaye ke gani da idonsu: yaro ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ya kai wata 18 bai nuna abu da yatsa ba, ko yana ta maimaita motsi guda. Ki ba wannan minti 4.

Daga nan sai maganar aljanu da sammu. A nan masu jawabi ke tuntuɓe, domin da zarar kin yi wa imanin mutane ba'a sun rufe kunnensu. Cikin ladabi ki ce galahanga lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke bunƙasa, gado na da hannu a ciki, ba rigakafi ke jawo ta ba, ba kuma laifin uwa ba ne. Kada kalmar "taɓaɓɓe" ta fito daga bakinki. Wataƙila uwar yaron na zaune a sahun gaba.

Kada ki yi alƙawarin warkewa. Horon magana da wuri yana taimakawa. Mai shakka ya kai ɗansa sashen yara na Asibitin Malam Aminu Kano, a duba har da jinsa. Bar minti 2 don tambayoyi.